Aljihun Gefe: Yadda Iska Ke Ceton Injin Motar Tseren Ɗalibai

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a watan Afrilu ya san wannan. Direba ya gangara gefen titi, ya ɗaga bonet, tururi ya turnuƙe, yaron mota yana fasa fiya wata yana ɗurawa a lagireto, fasinjoji kuwa suna gindin bishiya ana ta tsaki. A da in na ga haka cewa nake yi ruwa ne ya ƙare. Sai da furojet ɗinmu na kammala difloma ya haɗa ni da lagireto har tsawon wata bakwai, sannan na gane cewa wani lokacin ruwan yana nan lafiya lau, iskar da za ta sanyaya shi ce ba ta isowa.

Mu huɗu ne a rukunin, dukanmu 'yan Makanikal. Waɗanda ke wucewa ta bakin wokshof sun sha tambayar mu mene ne wannan farin abu mai kama da rabin kwale-kwale. Wani ma cewa ya yi bahon wankan jarirai ne. To ga amsar. Turawa saidfod suke ce masa, mu kuma muka raɗa masa aljihun gefe. Shi ne kumburin nan da ake gani dama da hagu a jikin motar tsere, tsakanin tayar gaba da ta baya, daidai kafaɗar direba.

Gasar da abin ya fito

A 1981 aka fara wata gasa a Teksas ta Amurka mai suna Formula SAE, inda ɗalibai ke zana ƙaramar motar tsere mai kujera ɗaya, su ƙera ta, su tuƙa ta da kansu. Birtaniya ta fara tata a 1998 da sunan Formula Student, wadda ake yi a filin tsere na Silverstone, Jamus kuma ta bi sahu a 2006 a Hockenheim. Maki 1,000 ake rabawa. Akwai na zane, da na lissafin kuɗin ƙira, da na tsarin kasuwanci, sannan a fita fili: gudun mita 75 a miƙe, da zagaye mai siffar lamba 8, da sauransu.

Wanda ya fi ɗaga wa kowa hankali shi ne gwajin juriya na kilomita 22. A tsakiyarsa akan tsaya a kashe inji, a ba da minti uku a canza direba, sannan motar ta tashi da kanta ba tare da an tura ta ba. Hanyar cike take da kwana, don haka matsakaicin gudu bai wuce wajen kilomita 50 zuwa 57 a awa ba. Ku lura da wannan adadin. Injin da yawancin masu fetur ke sakawa na babban babur ne, doka ta ƙayyade kada ya wuce cc 710, kuma an yi shi ne don babur da ke keta iska a buɗaɗɗen titi. Sai ga shi an ɓoye shi a bayan kujerar direba, ana ta murza shi a ƙaramin giya, iska kuma ba ta da ƙarfi. Ga doka ta ce ruwa zalla za a zuba a lagireto, ban da koren ruwan nan na kanti, saboda in ya zube a fili santsi yake yi. Motar da ta tafasa a kilomita na 15, aikin shekara guda ya tafi a banza a gaban jama'a.

Mu dai ba mu da kuɗin ƙera mota sukutum. Malamin da ke duba aikinmu ya ce mu ɗauki ɓangare guda mu san shi ciki da bai. Shi ya sa muka tsaya a kan aljihun.

Me ke cikin aljihun?

In aka ƙona fetur a inji, a ƙiyasce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ne ke juya taya. Wani kason ya fice ta salansa, sauran kuma zafi ne da ke maƙale a jikin inji, dole a kwashe shi. Ruwa ne ke kwasowa ya kai lagireto, iska kuma ta ratsa tsakanin siraran faranta ta ɗauke. In iska ba ta ratsa ba, lagireto ya zama tukunya kawai.

Tsofaffin motocin tsere a hanci suke ɗauke da lagireto. Motar Lotus 72 ta 1970 ce ta shahara da mayar da shi gefe biyu, hancin ya tsuke, nauyi ya dawo tsakiya. Bayan 'yan shekaru kamfanin ya siffanta ƙasan aljihun kamar fiffiken jirgi da aka kifa, iska ta riƙa zuƙo motar tana manna ta da ƙasa. Da irin wannan mota, Lotus 79, Mario Andretti ya zama zakaran duniya a 1978. Tun daga nan aljihun gefe yake da aiki biyu: ya ciyar da lagireto iska ta ciki, ya kuma shirya iskar da ke bi ta waje don ta isa bayan mota a nitse.

Cikinsa kashi huɗu ne: baki, da maƙogwaro mai faɗaɗa a hankali, da lagireto da fankarsa a baya, sai mafita.

Abin da ya sa babban baki ba ya taimako

Zanenmu na farko baki muka wangale masa, wai don ya kwashi iska da yawa. Malam ya duba ya yi murmushi, ya ce, “Ku je ku yi lissafi tukuna, sannan ku dawo mu yi magana.”

Ga lissafin, kuma duk wanda ya yi fiziks a sakandare zai iya bi. A ce lagireto zai zubar da zafi kilowat 10, wato jul 10,000 a kowane sakan. Iska kilogiram ɗaya tana shan jul kusan 1,005 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. In muna so ta fito da ƙarin digiri 25, sai a raba 10,000 da 1,005 sau 25, a samu kusan kilogiram 0.4 a sakan. A zafin digiri 40, iska kubik mita ɗaya nauyinta wajen kilogiram 1.13 ne, ke nan muna buƙatar kubik mita 0.35 a sakan. Lagireton da muka samo a wurin masu kayan gyara santimita 30 ne a 25. In wannan iskar za ta ratsa shi, gudunta a fuskarsa bai kai mita 5 a sakan ba. Motar kuwa a kilomita 50 a awa tana cin mita 14 a sakan. Saboda haka bakin da zai shigo da daidai abin da ake so kashi ɗaya cikin uku ne kawai na faɗin lagireton, wajen santimita 16 a 16.

To in an wangale bakin fa? Lagireto ba taga ba ce, yana tare iska. Abin da zai iya haɗiyewa kawai yake haɗiyewa, ragowar ta taru a baki ta yi ambaliya ta gefe, ta dagula iskar waje, ta ƙara wa motar nauyin ja. Kamar ƙofar ɗakin jarrabawa ce: ko mutum dubu sun yi cincirindo a waje, ɗaya bayan ɗaya za a shiga.

Dabarar tana maƙogwaro. In iska ta shiga ta ƙaramin baki hanya ta riƙa faɗi a hankali, gudunta na raguwa, matsinta na ƙaruwa. Wannan matsin ne ke tura ta cikin faranta. Amma faɗaɗawar sai da lallami. A bututu mara komai a ciki, in bango ya buɗe fiye da wajen digiri 7, iska kan saki bangon ta koma tana juyi a wuri ɗaya, sai wani sashe na lagireton ya zauna ba ya samun komai. Mafita kuma a kai ta inda matsin waje yake ƙasa, don ta riƙa jawo iskar daga baya. Wani injiniyan Birtaniya, F. W. Meredith, ya nuna tun a shekarun 1930 cewa bututun lagireto da aka tsara da kyau yana rage asarar gudu sosai, kuma an yi amfani da tunaninsa a jirgin yaƙin nan P-51 Mustang.

Matsin da ake magana a kai ɗan mitsitsi ne. A mita 14 a sakan, duk abin da iska za ta iya bayarwa wajen faskal 110 ne, daidai da nauyin ruwa mai tsayin milimita 11. Da wannan za a biya kuɗin shiga baki, da ratsa lagireto, da fita. In aka yi sakaci da milimita uku, an yi babbar asara.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Ƙarfin lagireto ya dogara da tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iska. In ruwa yana digiri 95, iska tana 20, tazarar 75 ce. A ranar da iska ta kai 40, irin namu na bazara, tazarar ta dawo 55. Wato lagireto guda, gudu guda, amma aikinsa ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya kwafo zanen ɗaliban Jamus daga intanet ya kawo nan, zafin rana ne zai fara kayar da shi, kafin ma ƙurar hunturu ta toshe faranta.

Yadda kwamfuta ke kwaikwayon iska

Manyan kamfanoni suna da ramin iska, wani dogon ɗaki da katuwar fanka inda ake saka samfurin mota a auna. Ɗalibi kuwa laftof gare shi. Abin da ake kira CFD shi ne sa kwamfuta ta lissafa yadda iska za ta bi jikin abin da ka zana, tun kafin ka sayi ko da ƙusa ɗaya.

Tushensa wasu ƙa'idojin lissafi ne da Bafaranshe Navier da Stokes na Birtaniya suka samar a ƙarni na 19. Ba wanda zai iya warware su da biro a kan siffa irin ta mota. Sai aka yi dabara: a zana babban akwati na iska a kewaye da motar, a yayyanka shi zuwa ƙananan gidaje dubbai ko miliyoyi, abin da muke kira raga. A kowane gida kwamfuta na tambaya: nawa ya shigo, nawa ya fita, mene ne matsi? Ta yi zagaye ɗaya, ta gyara, ta sake, har sau ɗaruruwa, sai amsoshin sun daina canzawa.

Manhajojin da aka fi sani su ne Ansys Fluent da Star-CCM+ da OpenFOAM. Na ƙarshen kyauta ne, amma sai ka yi haƙuri da rubuta umarni. Ansys yana da na ɗalibai kyauta, sai dai an taƙaita yawan gidajen raga. Da OpenFOAM muka yi namu, kuma ga abubuwa biyar da muka koya da wahala.

Na farko, rabin mota ya isa in a miƙe take tafiya, tunda dama da hagu iri ɗaya ne. Wannan kaɗai ya rage aikin da rabi.

Na biyu, a kwamfuta motar a tsaye take, iska ce ke tahowa. Don haka dole ka gaya mata cewa ƙasa ma tana gudu baya, tayoyi kuma suna juyawa. Bakin aljihu yana bayan tayar gaba ne, a cikin hargitsin da take bari. In ka bar tayar a tsaye, ka kwaikwayi wata mota dabam.

Na uku, ba a zana faranta ɗaya bayan ɗaya, laftof zai mutu. Ana ce wa kwamfuta wannan wurin kamar soso ne mai tare iska gwargwadon kaza. Asalin wannan lissafi daga Henry Darcy ne, injiniyan Faransa da ya auna yadda ruwa ke ratsa yashi a 1856. “Gwargwadon kaza” ɗin nan kuwa kai za ka auno. Mu kwali muka naɗa muka yi bututu, muka sa fanka a gefe guda, muka ari ma'aunin gudun iska na lab, muka auna lagiretonmu a gudu dabam-dabam.

Na huɗu, raga ta yi laushi a kusa da jiki, musamman leɓen baki da cikin maƙogwaro, ta yi gwari-gwari a nesa. Kuma a yi gwajin sau uku da raga mai ƙaruwar laushi. In amsa tana ta canzawa, ragarka ce ke magana, ba iska ba.

Na biyar, ka sa manhajar ta riƙa ajiye aiki lokaci-lokaci. Akwai daren da muka bar lissafi yana tafiya tun bayan isha'i, aka ɗauke wuta wajen ƙarfe uku, batir ya ƙare. Da asuba muka tarar babu komai. Wallahi ranar ba wanda ya yi wa wani magana har azahar.

Da muka bi waɗannan, kwamfuta ta nuna mana abin da Malam ya hango: babban bakin yana ambaliya. Zane na biyu kuma mun gajarta maƙogwaro, iska ta saki bangon sama. A na huɗu ne muka samu layuka suna tafiya sumul, ja da shuɗi da kore, gwanin sha'awa. Har a sitatus na saka hoton.

Ranar da zobo ya ƙaryata laftof

Malam ya ce hoto ba ya sanyaya inji, sai an gwada akan san na ƙwarai. Muka sassaƙa siffar da soso mai tauri, wani dattijo mai gyaran jikin mota ya taya mu shafa faiba. Tunda ba mu da motar tsere, sai muka ɗaure aljihun a jikin falanki a saman wata a-kori-kura, sama da kan direba inda iska take da tsabta. Don kwatancen ya yi adalci, muka sake lissafin a kwamfuta da aljihun shi kaɗai a jikin falanki.

Kayan awonmu biyu ne. Zaren ulu da muka yayyanka muka manna da salatif a ciki da waje, da 'yar taga ta roba mai haske don waya ta ɗauki bidiyo. Zaren da ya kwanta yana nuna iska na bin bango, wanda ke rawa ko ya juya baya yana nuna ta saki. Sai siririn tiyo irin wanda magina ke duba lebur da shi, muka lanƙwasa shi kamar harafin U a kan rula, baki ɗaya a gaban lagireto, ɗaya a bayansa. Muka zuba ruwan zobo don a gani da kyau.

Da sassafe muka fita wani titi da ba kowa, direba ya riƙe 50. Kwamfuta ta ce za mu ga bambancin milimita 7. Zobo ya ce 3. Muka sake, muka juyo ta ɗaya ɓangaren don kada iskar gari ta ruɗe mu. Uku dai. Wannan na nufin iskar da ke ratsa lagireton kusan kashi biyu cikin uku ce kawai ta abin da muke tsammani. Saura mako uku mu kare aikin a gaban malamai.

Kwana biyu muna zargin raga, muna zargin lissafin soso. Muka mayar da aljihun wurin dattijon don ya gyara wani tsagi. Ya zura hannu ciki, ya fito da yatsansa ta gefen lagireto, ya ce, “Injiniyoyi, wannan ramin fa na mene ne?” Na ce, “Baba, ai ɗan wuri ne muka bari don ya shiga da sauƙi.” Ya yi dariya ya ce, “Yaro, iska ai kamar ku take. In ta ga inda katanga ta fashe, ba za ta bi ta get ba.”

A zanen kwamfuta lagireton manne yake da bango ta ko'ina, ba ko tsagin allura. A zahiri kuwa akwai wurin yatsa a gefe biyu da sama. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, ta amsa tambayar da muka yi mata ne, a kan aljihun da ba shi muka ƙera ba. Muka sayi soson katifa da robar ƙofar mota muka toshe. Muka koma titi, zobo ya hau 6. Ragowar milimita ɗayan mun rubuta shi a rahoto yadda yake, tare da abin da muke zargi: kaushin faiba ta ciki, da girgizar da ke hana karatu daidai. A ranar kare aiki, a kan wannan shafin aka fi yi mana tambayoyi, kuma a nan muka fi samun abin faɗa.

Manya ma suna faɗawa

Kada wani ya ce ai don mu 'yan difloma ne. Kamfanin Mercedes ya ci kambun masu ƙera motoci na Formula 1 sau takwas a jere, daga 2014 zuwa 2021. A watan Maris na 2022, a gwajin Baharen, suka fito da mota mai aljihun gefe siriri har kamar babu shi. Alƙaluman da suka samu a kwamfuta da ramin iska sun ba su ƙwarin gwiwa. A fili kuwa motar ta riƙa tsalle a kan miƙaƙƙen titi, dole aka ɗaga ta sama da inda aka tsara ta yi aiki. Tsere ɗaya tak suka ci a shekarar, na George Russell a Barazil, yayin da Red Bull ta ci 17 cikin 22. A Monako, a watan Mayu na 2023, suka dawo da aljihu irin na kowa. Injiniyoyinsu sun sha cewa babbar matsalar tana ƙasan motar ne, ba a aljihun kaɗai ba. Duk da haka darasin bai canza ba. Doka ta taƙaita su ga samfurin da bai wuce kashi 60 cikin 100 na girman mota ba, da iskar da ba ta wuce mita 50 a sakan ba, kuma abin da kayan gwajin ba su nuna ba, titi ya nuna.

Ga 'yan aji ɗaya

In kuna neman furojet na baɗi, akwai sauran aiki a nan. Ba mu gwada fanka ba, alhali ita ce kaɗai madogara a minti ukun nan na canza direba, lokacin da zafi ke taruwa a inji mota tana tsaye. Ba mu zagaya ruwan zafi a lagireton ba, matsi kawai muka auna. Ba mu duba abin da ƙura ke yi wa faranta bayan mako guda na hunturu ba. Kuma dokar gasar ta ce direba ya iya ficewa daga mota cikin sakan 5, don haka duk wanda zai ɗora aljihun a mota ta gaske sai ya tabbata bai tare masa hanya ba. Wannan lissafin dai shi ne na rumfar janareto da ke zafi, da na injin niƙa da aka kulle a ɗaki mara taga, ba sai motar tsere ba.

Fayilolin zanen da na ragar suna wurin mai kula da wokshof, a filashi mai jan zare. Aljihun ma yana nan a bakin ƙofa. In kun zo, ku zura hannu ku taɓa soson da ke gefen lagireto, amma don Allah kada ku cire shi.